Da Gaske Turawan Zamanin Biktoriya Suna Ɗaukar Gawa Hoto?

"Assalamu alaikum, Malam. Na kalli wani shiri mai dogon zango na ƙasar Ailan mai suna Dead Still, labarin wani mai hoto a birnin Dablin wajen shekarun 1880, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar mamaci hoto domin iyalansa su ajiye. Yana da yaro, tsohon mai haƙa kabari, ga kuma wani ɗan sanda da ke bin sawun wasu kashe-kashe da ake ɗauka a hoto. Abin ya ba ni dariya, ya kuma tayar mini da tsigar jiki. Shin da gaske an yi wannan sana'a, ko ƙagen 'yan fim ne? In an yi, yaya suke yi? Sannan na sha ganin tsofaffin hotuna a Facebook ana cewa gawa ce aka tsayar da ƙarfe, ido a buɗe. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyi uku kika dunƙule wuri ɗaya: ko an yi sana'ar, yadda ake yin ta, da batun gawar da ake cewa an tsayar. An yi sana'ar, babu ko tantama, tun daga shekarun 1840 har zuwa farkon ƙarni na 20, a Turai da Amurka. Dubban hotunan suna nan a gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da, mafi yawansu daga Amurka. Amma hotunan "gawa a tsaye" da ke yawo a intanet, kusan dukkansu na rayayyun mutane ne da aka yi musu ƙage bayan shekara ɗari da hamsin. Idan kika fahimci yadda aikin yake a aikace, ke da kanki za ki gane dalili, don haka zan fi daɗewa a kan aikin.

Abin da ya kai su ga haka

A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a Faris, wato farkon hoton da talaka zai iya sa ran mallaka. Kafin nan, wanda ke son kamannin ɗansa ko matarsa sai ya kira mai zane, kuma wannan na masu hannu da shuni ne. To ko bayan zuwan hoto, ba abu ne da ake yi kullum ba. Iyali kan yi shekaru suna cewa sai an samu sarari a je wurin mai hoto, sai rai ya yi halinsa kafin sararin ya samu. A Ingila, kusan tsawon mulkin Sarauniya Biktoriya, cikin jarirai 1,000 da aka haifa wajen 150 ba sa cika shekara. Shi ya sa yawancin hotunan nan na jarirai ne da ƙananan yara, kuma sau da dama shi ne hoto ɗaya tilo da aka taɓa yi wa yaron. Uwar da ta biya kuɗin ba neman abin tsoro take yi ba. Fuskar ɗanta take so kada ta ɓace mata.

Abu na biyu shi ne lokaci. Mu da ake yi wa mamaci wanka, a sallace shi, a kai shi makwanci cikin 'yan sa'o'i, ko an so ma babu tazarar da mai hoto zai shigo. Su kuwa a gida ake mutuwa, a gida gawa take kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye. A Ailan ma al'ada ce a shimfiɗe mamaci a ɗaki, maƙwabta su kwana tare da shi ana addu'a, ana shan shayi da taba, ana hira har da raha. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda shirin ya cakuɗa makoki da barkwanci ba, domin a can ɗin ba baƙin juna ba ne. Ga shi kuma zamani ne da makoki ya zama ado: bayan rasuwar mijinta Yarima Albert a 1861, Biktoriya ta zauna cikin baƙaƙen kaya har ta rasu a 1901, mutane suna kitsa gashin mamaci su sa a zobe ko abin wuya. Hoton mamaci ɗaya ne daga cikin irin waɗannan kayan tunawa.

Agogo biyu da ke kan mai hoto

Mai wannan sana'a yana tsere da agogo biyu, na gawa da na farantin da ake ɗaukar hoton a kansa, kuma babu wanda ke jiran wani.

Na gawa dai, jiki yakan fara sandarewa cikin awa 2 zuwa 6 bayan mutuwa. Daga fatar ido da muƙamuƙi da wuya yake farawa, ya gangara ƙasa, ya kai matuƙa wajen awa 12, sannan ya fara saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zafi yana gaggauta komai, sanyi yana jinkirta shi. Ma'ana, ko dai mai hoto ya iso da wuri sosai gaɓoɓi suna lanƙwasuwa, ko ya iso bayan jiki ya saki, a lokacin kuma wasu matsalolin sun fara. Jini yakan kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, ya bar tabo ja-ja mai duhu wanda bayan awa 8 zuwa 12 ba ya sake gusawa. Idan mutum ya mutu a kan gefensa aka bar shi haka, kuncin da ke ƙasa ya riga ya ɓaci, sai a juya fuskar a ɗauki ɗaya gefen. Ido yakan bushe, ya dushe, ya lotsa. Baki yakan saki, shi ya sa matan da ke gyara gawa suke ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa saman kai tun da wuri, a kwance ƙyallen bayan muƙamuƙi ya ƙage. Yi wa gawa allurar hana ruɓewa ya yaɗu ne a Amurka lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. A Birtaniya da Ailan ba a saba da shi ba, abin dogaro shi ne ɗaki mai sanyi, taga a buɗe, da ƙanƙara ga mai hali.

Agogon faranti ya danganta da zamani. A shekarun 1840 da 1850 dagerotaif ake yi: farantin jan ƙarfe da aka shafe da azurfa, a goge shi ya zama kamar madubi, a turara shi da sinadaran aidin da buromin, a ɗauki hoto, sannan a fito da hoton da tururin zaiba mai zafi. Kwafi ɗaya tak yake bayarwa, kuma hagu ya koma dama. A farkon fari ɗauka kan ci mintuna, amma cikin 'yan shekaru, da ingantaccen gilashin kyamara na Petzval da ƙarin sinadarai, ta dawo ƙasa da minti ɗaya.

Wanda ya fi shafar zamanin shirin shi ne jiƙaƙƙen faranti, dabarar da Frederick Scott Archer ya wallafa a 1851. Ga yadda ake yi, kuma har yau masu sha'awar tsohuwar sana'a haka muke yi. Za a wanke gilashi tas, domin ko zanen yatsa ɗaya zai fito. A riƙe shi ta kusurwa, a zuba masa kolodiyon a tsakiya, wani ruwa mai kauri da ake haɗawa da audugar da aka sarrafa da asid, a narka ta cikin eta da barasa, a sa gishirin aidin. A karkata gilashin ruwan ya bi kusurwa huɗu, a tsiyaye ragowar cikin kwalba, ana kaɗa shi a hankali don kada ya yi layi-layi. Da ya fara kamawa, sai a tsoma shi cikin ruwan azurfa na minti 3 zuwa 4, a cikin duhu. Daga nan ya zama mai jin haske. A sa shi cikin maɓoyinsa na katako, a kai bayan kyamara, a zare murfin gilashin kyamara da hannu, a ƙirga daƙiƙu, a mayar. A koma duhu a kwarara masa ruwan wanki mai sinadarin ƙarfe, cikin daƙiƙa 15 ko makamancin haka hoto ya bayyana, a ɗauraye, a tabbatar da shi da sinadarin haifo ko na sayanaid, a busar, a shafa masa man kariya mai sheƙi.

Duk wannan, daga zuba kolodiyon zuwa wanki, dole a gama cikin minti 10 zuwa 15, kafin farantin ya bushe. In ya bushe ya mutu. Don haka mai hoto ba kyamara kaɗai yake ɗauka zuwa gidan makoki ba. Da ɗakin duhunsa yake tafe: akwati ko tanti, kwalabe, ruwa mai tsabta, tire, ƙafafun kyamara. Ko ya roƙi a ba shi wani lungu ƙarƙashin bene ya toshe ƙofa da bargo. Ki ƙiyasta mutum yana hawa da sauka da gudu tsakanin masu kuka, yatsunsa baƙi ƙirin da tabon azurfa, gida ya game da warin eta wanda ko kyandir aka kusanto da shi sai ya kama da wuta, alhali a gidan Katolika kyandirori ne kewaye da mamaci. Barkwancin da kika gani bai buƙaci ƙari mai yawa ba, yana cikin sana'ar tun asali.

Wajen 1880 ɗin da aka ɗora labarin, abubuwa suna kan sauyawa. Richard Maddox ya gabatar da busasshen faranti na jelatin a 1871, zuwa ƙarshen shekarun 1870 kamfanoni suna sayar da shi a kwali. Ya fi saurin kama haske, kuma ana iya wanke shi gobe ko jibi. Saboda haka mai hoton Dablin na wannan lokaci zai iya kasancewa da kowanne: dattijon da ya saba da jiƙaƙƙe yana raina sabon, ko matashin da ya rungumi busasshe ya huta da dakon tanti.

Cikin ɗakin mamaci

Babbar matsala haske ce. Shagon mai hoto na wancan zamani a saman bene yake, da rufin gilashi mai kallon arewa. Ɗakin kwanan mutane kuwa taga ɗaya ce, ga labule mai kauri, ga sararin Dablin da hadari ba ya rabuwa da shi. Fitilar gas da kyandir ba sa amfani, domin haskensu rawaya ne, kolodiyon kuma kusan makaho ne ga rawaya da ja. Garin maganiziyam mai walƙiya sai a 1887 ya shigo, kafin nan akwai zaren maganiziyam da ake ƙonawa, mai tsada da hayaƙi. Abin da ake yi shi ne a ja gado ko doguwar kujera zuwa bakin taga, a yaye labule, hasken ya faɗo daga gefe da ɗan sama, sannan wani ya riƙe farin zani ko madubi a ɗaya gefen don ya mayar da haske cikin inuwar. In ba a yi haka ba, ramin ido da kunci za su fito baƙi, fuskar ta koma ƙoƙon kai. Da mai hoto Nadar ya ɗauki marubucin Faransa Victor Hugo a gadon mutuwarsa a 1885, da baƙin ƙyalle da madubi ya sarrafa hasken taga, har gemun ya fito fari sol a kan duhu.

Alheri ɗaya da mamaci ke yi wa mai hoto shi ne ba ya motsi. A shago ɗauka daƙiƙu kaɗan ce, a ɗaki mai duhu tana iya kai minti ɗaya ko fiye, kuma babu damuwa. Har ana iya tsuke ƙofar hasken gilashin kyamara don komai ya fito tar. Matsala tana tasowa ne idan uwa ta ce sai ta rungume jaririnta a hoton. Ita tana numfashi, tana rawar jiki, sai ta fito da ɗan hazo, jaririn kuwa ko gashin girarsa ana ƙirgawa. Irin waɗannan su ne mafi taɓa zuciya a cikin hotunan gaba ɗaya.

Makantar kolodiyon ga launi ita ma tana da nata sharrin. Ja da rawaya suna fitowa da duhu, shuɗi yana fitowa fari. Yaron da ƙyanda ko jan zazzaɓi ya kashe, ƙurajen da ido ke gani sama-sama za su fito baƙaƙe. Wanda shawara ta kama, fatarsa za ta yi duhu fiye da yadda iyalinsa suka san shi. Maganin shi ne hoda a fuska kafin ɗauka, ko gyara da fensir a kan gilashin bayan wanki, sannan a ɗan shafa jan launi a kunci a kan hoton da aka gama. Wannan shafa launin ana yi wa rayayyu ma, don haka ba shaida ba ce ta komai.

Inda ake ajiye kyamara yana da muhimmanci. In aka tsaya ta wajen ƙafafu, ƙofofin hanci da ƙarƙashin haɓa ne za su cika hoton. An fi ɗauka daga gefe, daidai tsayin fuska ko sama kaɗan, bayan an tallafe kai da kafaɗu da matashi. Wata dabara ita ce a ɗauki mutum a kwance, sannan a juya hoton a tsaye cikin gidansa, sai ya zama kamar yana zaune ya jingina. Mai lura zai gane, domin gashi da tufafi suna zubowa ta inda bai kamata ba. Akwai kuma abin da ba a faɗa wa iyali: idan aka ɗaga gawa ko aka juya ta, ruwa kan fito ta baki ko hanci. Shi ya sa shawarar da masu sana'ar suka riƙa ba juna a mujallunsu na Amurka a shekarun 1870 ita ce, a bar dangi su gyara tufafi da gashi, sannan a roƙe su cikin ladabi su fita, a rufe ƙofa, a yi abin da za a yi da tawul a kusa.

Salon ya sauya da zamani. Na farko-farko sun fi nuna fuska kusa, kamar mai barci: jariri a shimfiɗarsa ko a cinyar uwa, da fure a hannu. Daga baya, musamman daga shekarun 1880, akwatin gawa da tarin furanni suka mamaye hoton, mamacin ya koma ƙarami a tsakiya, wani lokaci dangi sun jeru a bayansa a ƙofar gida. Abin da ake miƙa wa iyali shi ma ya sauya. Da farko faranti ɗaya ne cikin ƙaramin gida mai murfi. Daga shekarun 1860 sai kati, hoton da aka buga a takardar da aka shafe da farin ƙwai, ƙaramin wajen santimita 6 da 10, babban wajen 11 da 16. Shi wannan ana buga kwafi goma sha biyu a aika wa 'yan'uwa, abin da ke da ma'ana ƙwarai a ƙasar da yunwar 1845 zuwa 1852 ta watsa 'ya'yanta zuwa Amurka da Ostireliya.

Ƙarfen da ake cewa na tsayar da gawa

Ƙarfen nan gaskiya ne akwai shi, kuma ana hango gindinsa a bayan ƙafafun mutane a dubban hotuna. Gindi ne na ƙarfe mai nauyi, da sanda a tsaye, da wani ɗan maƙali mai baki biyu da ke taɓa ƙeya, wani lokaci da na biyu a kugu. Aikinsa ya tuna wa mai rai inda kansa yake don kada ya yi lilo na daƙiƙa biyar ko goma. Jingina ce kawai. Ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya ya san yaro ma zai iya ture shi. Gawar babban mutum mai kilo 60 ko 70, in ta saki gwiwoyi za su lanƙwashe, kai ya faɗo, ta zube da ƙarfen gaba ɗaya. In kuma ta sandare, ta sandare ne a yadda take kwance, tafin ƙafa a miƙe, ba za ta taka ƙasa ta daidaita ba. Saboda haka ganin gindin ƙarfe a bayan mutum hujja ce cewa yana da rai.

Akwai gawarwakin da aka ɗauka a tsaye, amma dubi yadda aka yi. A 1880 a Ostireliya, bayan an kashe Joe Byrne na gungun ɗan fashi Ned Kelly, an rataye gawarsa da igiya a ƙofar ɗakin tsare mutane na garin Benalla domin masu hoto su ɗauka. Igiyar a fili take, hannuwan sun ƙage, babu mai kallon hoton ya ce rayayye ne. A Amurka ma an sha jingina gawar 'yan fashi a kan allo a karkace. Wannan baje koli ne na hukuma, ba abin da iyali ke biya a yi wa nasu ba.

Batun ido a buɗe yana da ɗan tushe. An samu masu hoton da ke ɗaga fatar ido da bayan ƙaramin cokali idan iyali sun nema, an kuma samu 'yan hotunan da aka zana ido a kan rufaffiyar fata. Amma kaɗan ne, kuma ba sa ɓoyuwa. Yawancin "idon gawa" da ake nunawa a intanet bayaninsu mai sauƙi ne. Bature mai shuɗin ido, kolodiyon zai mayar da ƙwayar idonsa kusan fara, sai mai hoto ya ɗiga mata baƙi da alƙalami. Wanda ya ƙifta ido ana cikin ɗauka, idonsa zai yi hazo, a gyara da hannu, gyaran kuma ya fito bambaraƙwai. Hannun da ya yi duhu, da ake cewa jini ne ya kwanta, sau da yawa hannun manomi ne ko mai wanki da ya yi ja. Haka hotunan da ake ganin jariri a kan wani abu lulluɓe da mayafi: uwarsa ce a ciki take riƙe shi don kada ya motsa, kuma jaririn da ke buƙatar riƙo irin wannan lafiyarsa lau. Dalilin yaɗuwar ƙagen ba ɓoyayye ba ne. Tsohon kati na yaro a tsaye ba shi da wata daraja a kasuwar kayan da, amma da an rubuta cewa gawa ce sai kuɗinsa ya ninka.

Ɓangaren laifi

Ƙungiyar da ke kashe mutane don ta sayar da hotunansu, wannan ƙagen marubutan shirin ne. Sai dai da tubalan gaske suka gina shi. Kasuwar hotunan batsa ta ɓoye ta yi ƙarfi a lokacin, har majalisar Birtaniya ta yi dokar hana su a 1857, kuma a wani samame ɗaya a Landan a 1874 'yan sanda sun kwashe hotuna fiye da 100,000. Hoton gawar shahararren mutum shi ma haja ne. Da aka ɗauki gawar shugaban Amurka Abraham Lincoln cikin akwatinsa a New York a 1865, sakataren yaƙi Edwin Stanton ya ba da umarni a lalata farantan, kwafi ɗaya ya tsira, sai a 1952 aka gano shi. A Jamus a 1898, wasu masu hoto biyu daga Hambag suka ba da cin hanci, suka shiga ɗakin da gawar tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, Bismarck, take da dare, suka ɗauke ta da walƙiyar maganiziyam, haɓa a ɗaure. Suna neman mai saye aka gurfanar da su, suka ƙare a kurkuku.

'Yan sanda kuwa a hankali suka karɓi kyamara. Ɗaya daga cikin amfaninta na farko shi ne ɗaukar gawar da ba a san mai ita ba kafin a binne, ko wani zai gane ta daga baya. Ɗaukar wurin da aka yi kisa yadda aka same shi bai zama ruwan dare ba a 1880. Hoton Mary Jane Kelly, matar da aka kashe a ɗakinta a gabashin Landan a 1888, yana cikin na farko-farko da aka sani a Birtaniya, kuma Alphonse Bertillon na 'yan sandan Faris ne ya tsara abin ya zama ilimi, har da doguwar ƙafar kyamara mai leƙo gawa daga sama. Don haka ɗan sandan Dablin da ke ganin hoto zai iya kama mai laifi, manyansa suna yi masa kallon mai taɓin hankali, ya dace da zamaninsa. A lokacin ne ma aka yi ta raɗe-raɗin cewa idon wanda aka kashe yana riƙe hoton makashinsa. Tushen maganar gwajin masanin kimiyya Wilhelm Kühne ne a Heidelberg ta Jamus a ƙarshen shekarun 1870, inda ya fito da siffar taga daga idon zomo. A kan mutum bai taɓa kama kowa ba. Hoton fatalwa kuma, wanda masu da'awar magana da matattu suka ci kasuwa da shi, ɗauka biyu ce a faranti ɗaya. An gurfanar da mai hoto William Mumler kan haka a New York a 1869, kotu ta sallame shi.

Satar gawa daga kabari, wadda irin waɗannan shirye-shirye ke son taɓawa, ta riga ta ja baya sosai kafin 1880, tun bayan dokar 1832 da ta ba makarantun likita hanyar samun gawa ta halal. Hasumiyoyin gadi da ke jikin katangar maƙabartar Glasnevin a Dablin ragowar wancan tsoron ne.

Sana'ar ta dushe ne da mutuwa ta koma asibiti, gawa ta koma hannun kamfanonin jana'iza, mace-macen yara suka ragu, sannan kamfanin Kodak ya fito da kyamarar hannu a 1888, da Brownie ta dala ɗaya a 1900. Wanda ke da hotunan ɗansa yana wasa ba ya buƙatar na ranar mutuwarsa. Amma ba ta ƙare ƙurmus ba, har yau a asibitocin Turai da Amurka akwai masu hoto 'yan sa-kai da ke ɗaukar jariran da aka haifa babu rai, idan iyaye sun so.

In kika sake cin karo da irin hoton, fara duba ko mutumin a kwance yake ko a jingine da matashi, ido a rufe, hannuwa a haɗe a ƙirji ko an sa musu fure, ko littafin addu'a, ko carbin Katolika. Duba ko akwai akwati, ko baƙaƙen kaya a jikin na kusa da shi, ko rubutu a bayan katin mai faɗin ranar rasuwa. Idan yana tsaye da ƙafafunsa, yana riƙe da hula, ko ya dafa kujera, rayayye ne. Wanda ke da wuyar yanke hukunci shi ne jariri mai rufaffen ido a cinyar uwa, domin masu hoto sukan jira jariri ya yi barci kafin su ɗauka, kuma ko ƙwararru sukan saɓa a kan irin wannan. A nan sai an riƙe katin a hannu, a duba bayansa da tambarin shagon, a sa madubin ƙara girma a kan leɓe da farce da yadda kai ya kwanta. Hoton waya da aka kwafa daga Facebook sau goma ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.